Taragun Cittar Matan Madakiya

A kakar 1976 matan zumunta na wata ekklisiya a Madakiya suka yanke shawarar daina sayar da cittarsu kwano-kwano a kasuwa. Za su haɗa ta wuri ɗaya, su busar, su kama taragu guda a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan a kai ta kudu. Shugabarsu, Mama Roseline, ita ta kawo shawarar, ita kuma ta je tasha. Akawun kaya, Malam Celestine, ya ce mata taragu ba ya tashi sai da buhu ɗari biyu, kuma ana kama shi ne tun citta tana cikin ƙasa. Wanda ya kama bai cika ba, ba za a ƙara sauraronsa ba.

Ta dawo gida ta tarar da ɗanta Kumai a gindin mangwaro yana kallon sama. Ya karanta ƙididdiga a jami'a a Zariya, yana aiki a Kaduna, ya zo hutu. Mutum ne da ko ruwa aka ba shi sai ya yi tunani kafin ya sha.

"Kumai, na riga na gaya wa mata cewa ɗana zai faɗa mana buhu nawa ke cikin ƙasa. In kama taragun, ko kuwa?"

"Mama, ba zan iya ba ki lamba ɗaya ba. Zan ba ki biyu, ta ƙasa da ta sama."

"Duk shekarun nan a Zariya, biyu kawai? To, kawo."

Ya auna faɗin gonakin da igiya. Ya ɗaure karan dawa huɗu suka zama murabba'i, taku ɗaya kowane gefe. Ya aro sikelin auna jarirai daga wurin Emilia, nas ɗin garin. Sa'an nan ya bayyana wa mata ashirin da biyar cewa kowacce ta ajiye karan a gonarta, ta tone duk abin da ke cikinsa, ta kawo.

Suka kawo a kwanduna lulluɓe da fararen kyallaye. Ya auna, ya cire abin da bushewa za ta ci, ya yi lissafi. Buhu ɗari biyu da casa'in, da tazarar kuskure ta buhu shida sama ko ƙasa.

Mama Roseline ta fara neman ɗankwalinta na zuwa tasha. Amma Kumai bai tashi ba. Shidan nan ce ta dame shi. Tazara tana yin ƙunci haka ne idan kwandunan duk sun kusan zama ɗaya, shi kuwa ya san gonakin nan tun yana yaro. Akwai masu tsakuwa a gindin dutse, akwai masu laima a bakin rafi. Ƙasar da ba iri ɗaya ba ba za ta ba da amsa iri ɗaya ba. Ya dubi cittar, kowacce kamar tafin hannun ƙato.

Ya tambayi Mama Afiniki, aminiyar uwarsa, inda ta ajiye karan.

"A inda ya dace mana, ɗana."

"Ina ne ya dace?"

"Wurin da akuya take kwana da rani. Kana so in kawo maka ta gindin dutse, a ɗora a sikeli a gaban jama'a? Ka taɓa ganin an kai ƙanƙanin abu nunan fari?"

Sai ya gane. A wurinsu, abin da aka fara tonowa aka kai gaban mutane nunan fari ne, irin wanda ake kaiwa sujada, kuma ba a kai wa Ubangiji ko baƙo abin kunya. Kowacce ta zaɓo mafi kyau. Laifin nasa ne, da ya bar zaɓi a hannun mutanen kirki.

"Iyayena," in ji shi, "tazarar kuskure tana kare mu daga sa'a da rashin sa'a ne kawai. Ba ta iya kare mu daga karamci."

Washegari ya bi su gona da kansa. Kowacce za ta juya baya, ta rufe ido, ta yi jujjuyawa, ta jefa dutse ta kan kafaɗarta. Inda ya faɗi, nan za a tona. Dutsen Mama Afiniki ya sauka a cikin tsakuwa. Kumai ya ga ƙafarta tana tura shi a hankali zuwa wurin akuya.

"Mama, na gani."

"Sauro nake kora."

Lissafi na biyu ya ba da buhu ɗari biyu da goma sha biyar, da tazarar talatin. Wato daga ɗari da tamanin da biyar zuwa ɗari biyu da arba'in da biyar. Ɗari biyun Malam Celestine tana zaune a tsakaninsu.

"To, zai cika ko ba zai cika ba?" uwarsa ta tambaya.

"Mai yiwuwa ne. Amma ba zan ce ki sa sunanki a kai ba."

Ya ga fuskarta, ya tuna yadda za ta tsaya ranar Lahadi a gaban matan da suka amince da ita, ya ji nauyin karatunsa kamar buhun da ba shi da amfani.

"Ba a iya matse lambobin nan naka su kusanci juna?"

"Ana iya. Idan ana so tazarar ta ragu da rabi, sai a ninka tonon sau huɗu. Wuri ɗari."

"Ɗari kawai? Kai da kake zaune kamar an yi mutuwa." Ta juya ta kira Mama Afiniki. "Gaya wa mata gobe gayya. A dama kunu."

An yi gayyar da waƙoƙin zumunta. Duwatsu suna tashi ta ko'ina, har wani ya samu hular mai wa'azi Luke, wanda ya zo yin addu'a ya tsaya inda bai kamata ba. Mama Afiniki ta naɗa kanta mai gadin duwatsu, tana tsawata wa duk wadda ƙafarta ta motsa. Emilia tana kiran nauyin kowane kwando kamar tana sanar da haihuwa.

Da yamma Kumai ya ɗaga kai daga lissafinsa.

"Ɗari biyu da ashirin, sama ko ƙasa da goma sha biyar. Ta ƙasan ɗari biyu da biyar ce."

"Ka tabbata?"

"Irin wannan awon, in aka yi shi sau ashirin, sau goma sha tara yakan kama gaskiya."

"Na ashirin ɗin fa?"

"Wannan na Allah ne, Mama."

"To, shi ina da hanya da shi." Ta ɗaura ɗankwali.

Bayan an tone an busar, buhu ɗari biyu da tara aka jera a tashar Kafanchan. Malam Celestine ya rufe ƙofar taragun a kan ɗari biyu, ya tambayi Mama Roseline ko za ta kama wani baɗi. Ta ce sai ta jefa dutse tukuna. Kumai yana tsaye yana tunanin yadda lambar ta faɗo kusa da bakin tazararsa, har uwarsa ta dafa shi ta ce taran da suka rage ba za su kai kansu gida ba.