Taɓarya a Tankin Gawayi

An danne gawayin da ke cikin tankin tace ruwa, shi ya sa ruwa ya ƙi wucewa. Abin da ya faru ke nan a gidan ruwan leda na Alhaji Ba'ana da ke Maisandari.

Abakar ne ya danne shi. Shekara ashirin ya yi yana awon gero da wake a kasuwar Gamboru kafin Alhaji ya ɗauke shi aiki, ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba. A wurinsa, buhun da ba a jijjiga aka danna ba, buhun ɓarawo ne.

Injiniyar da ta tsara tankin, wata 'yar Biu mai suna Ketura, ta nuna musu a kwamfuta yadda ruwa zai ratsa ƙwayoyin gawayin nan masu kama da wake, ya fita ta ƙasa ƙarfinsa ya ragu kaɗan. Ta ce, "Baba, ku zuba har jan layin nan na cikin tanki, shi ke nan." Ta tafi.

Abakar ya zuba har layi. Ya buga wa tankin ƙafa, gawayi ya zauna, layi ya fito fili. Ransa ya ɓaci. Shi za a ce ya yi rabin aiki? Ya aro taɓarya wurin matar maigadi, ya yi ta kirɓa, ya ƙara buhu uku. Alhaji ya leƙa ya ce, "Madalla, haka ake aiki."

Washegari aka kunna injin. Ruwa ya riƙa zuwa kamar fitsarin akuya, allurar agogon auna matsin ruwa kuwa ta haye ja. Aka kira Ketura. Da ta ga taɓarya jingine da tanki sai ta dafe kai.

"Baba, daka kuka yi? Ta ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ruwa yake bi! Kun toshe su!"

"Kin ce har layi, na kai layi," in ji Abakar. "Akwatin naki ya ce kar a danna? Ya ce? Wa yake zuba kaya bai danna ba, in ba macuci ba?"

"Ai ba wake ba ne!"

"Ke kika ce kamar wake!"

Ta juya wurin Alhaji. "Ranka ya daɗe, a kashe injin, a kwashe a sake zubawa. Kwana ɗaya ne."

"Kwana ɗaya? Motoci uku na tsaye a ƙofa! Ruwa ne fa, ba jaki ba. A ƙara masa wuta, zai wuce."

"Wallahi murfin ba zai ɗauka ba."

"To je ki gaya wa kwamfutarki."

Alhaji da kansa ya murɗa makunni ya ƙara wuta. Injin ya yi ƙara, murfin tanki ya fara tsartar da ruwa ta gefe.

Alhaji ya ce, "Abakar! Hau ka ɗaure notin murfin can!"

Abakar ya ji abin da yarinyar ta faɗa, ya kuma san gaskiya ne. Amma aikinsa ake zagi a gaban direbobi. Ya ɗauki sifana ya hau, Ketura na ihu ya sauko.

Bai kai ga juyi na biyu ba murfin ya tashi.

Alhaji ya sayi sabon murfi a satin. Abakar ya fito daga asibiti bayan kwana goma sha ɗaya, hannunsa na dama saura yatsa biyu.