Gashin Baki Mai Yawo

Shekara biyu cur Shagufta tana jiran kujera ta huɗu. Duk Lahadin farkon wata, da an idar da azahar, takan rufe shagon maganinta ta nufi tsohuwar sinimar Gulnar, inda Majalisar Shaƙiyyai ke zama. Tsarin majalisar ba wuya. A haska tsohon fim wanda ba kai ba gindi, mutum uku su zauna gaban allo da makirufo suna yi masa shaƙiyanci, jama'a na dariya har da riƙe ciki. Kujera ta huɗu ta 'yan kallo ce, ƙuri'a ake jefawa, kuma wannan watan kan Shagufta ta faɗa.

Ba a kan ƙaramin fim ba kuma, a kan *Fansar Mai Garma*. Duk ɗan majalisa a Lahore ya haddace guntun nan na minti biyu da ke yawo a wayoyi, inda jarumi Dilawar yake rantse wa masoyiyarsa a gonar rake, gashin bakinsa na zamewa a hankali har ya sauko haɓa. Saboda guntun nan ne kowa, mace da namiji, ke zuwa majalisa da gashin bakin roba a karkace. Cikakken fim ɗin kuwa ba wanda ya taɓa gani a cikinsu, sai yanzu da aka tono shi a wani ɗakin ajiya. Mako guda Shagufta ta yi tana rubutu tana sokewa, har ta tsayar da barkwanci goma sha ɗaya, duka a kan gashin bakin. Mace mai shekara arba'in da biyu, ga ta tana tsalle ita kaɗai a ɗakin girki!

Da safiyar ranar, tana zuba wa mahaifinta shayi, takardar tallan majalisar ta faɗo daga jakarta. Tsoho Meraj Din ya ɗauka, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta. Can sai ya ajiye kofin da ƙarfi har shayin ya fantsama.

"Ke! Wannan ai fim ɗina ne!"

"Naka kuma, Abba?"

"Nawa mana. Wa kike zato ya yi wa Dilawar kwalliya? Aljani? Yau za a nuna shi? A Gulnar? Allahu akbar, bayan shekara arba'in da wani abu!"

Shagufta ta san mahaifinta ya yi rabin rayuwarsa yana kwalliyar 'yan fim kafin ɗakunan shirya finafinai su mutu ya koma aski. Amma finafinai sittin da huɗu ya yi, ina za ta san wannan yana ciki? Shi kuwa tsohon abin da ya sani kawai shi ne 'yarsa na zuwa kallon tsofaffin finafinai, har yakan yi alfahari da hakan a masallaci.

"Abba, akwai zafi yau. Ga hayaniyar yara, ga hawan jininka..."

"Hawan jinina ya zauna ya yi gadin gida. Ina farar rigata ta Idi?"

Ta buɗe baki za ta faɗa masa gaskiya, ta ga yadda fuskarsa ta washe, rabonta da ganin haka tun rasuwar mahaifiyarta. Ta kasa. Da azahar ta yi, ya shiga ɗaki ya fito fes, ya zura wani ɗan gwangwanin taba mai tsatsa a aljihu, ya riga ta fita tsayar da keke mai ƙafa uku.

Ƙofar Gulnar ta cika maƙil. Layi ya zagaya har bayan mai soya samosa, ana ta ihu ana ɗaukar hoto, kowa da gashin bakinsa a baibai. Na wani ya hau kumatu, na wata yana lilo a gefen leɓe. Meraj Din ya tsaya ya dube su, ya dafe ƙirji.

"Innalillahi. Wane marar tsoron Allah ne ya liƙa wa bayin Allahn nan wannan abu?"

Kafin Shagufta ta kama hannunsa, ya riga ya damƙi haɓar wani ƙato mai rigar ƙwallo. "Tsaya, ɗana, kar ka motsa. Daga tsakiya ake dannawa, sannan a bi gefe." Ya ɓare gashin, ya daidaita shi tsaf, ya ja baya ya duba aikinsa. Ƙaton ya ce na gode Baba. Tsoho ya wuce kan na gaba. Haka ya bi layin ɗaya bayan ɗaya, ya gyara mutum tara, yana yi yana faɗa, su kuwa da ya juya baya sai su sake karkatar da abinsu suna ƙunshe dariya. Shagufta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta samo Zulfi, shugaban majalisar, a bakin matakala yana gwada makirufo. Wani siriri ne mai bakin tsiya, amma zuciyarsa fara ce.

"Yaya Shagufta! Yau ranarki ce. Ina takardar? Wallahi in ba ki kashe mu da dariya ba, sai mun karɓe gashin bakinki a bainar jama'a."

"Zulfi, ka ba wani kujerar."

"Me? Kujerar da kika yi shekara biyu kina yi mana kuka a kanta? Waye ya mutu?"

"Ka ga dattijon can mai farar riga? Mahaifina ne. Shi ya liƙa gashin bakin Dilawar."

Zulfi ya zaro ido. Maimakon ya tausaya, sai ya ɗora hannu biyu a ka yana rawa. "Shi kansa? A nan? Da ransa? Yaya, kin san me kika kawo mana kuwa?"

"Bai san abin da muke yi ba, sakarai. Ya zaci girmama fim ɗin za a yi."

Nan Zulfi ya daina rawa. Amma an riga an buga ƙararrawa, jama'a sun turo ƙofa, kuma dokar majalisa ce ba a canza wanda ƙuri'a ta zaɓa. Ta zaunar da mahaifinta a layi na uku, ta hau kujerar da ta daɗe tana mafarki, takardarta a hannu.

Aka kashe fitilu, majigi ya kama. Sunayen waɗanda suka yi aikin fim ɗin suka wuce cikin hayaniya, ana ta miƙa shayi da gyaɗa. Daga nan fa aka shiga sha'ani. Dilawar ya shigo kan farin doki, da aka juya kyamara dokin ya koma baƙi, Zulfi ya ce dokin ma ya je ya sake kaya. Bos ya harba ƙaramar bindiga sau goma sha tara ba tare da ɗuri ba, zauren ya ƙirga masa da baki ɗaya. An kashe wani ɗan banga a kasuwa, sai ga shi yana buga ganga a wurin biki, aka miƙe tsaye ana yi masa barka da dawowa. Sinimar Gulnar har girgiza take. Ita kanta Shagufta sau biyu dariya na ƙwace mata, don abin dariya ba ya tambayar halin da mutum ke ciki.

Amma idonta na kan layi na uku. Da fari Meraj Din waige-waige yake yi, yana neman wanda zai tsawata wa yaran nan. Sannan ya daina waige. Ya zauna ƙiƙam, hannunsa a kan aljihu, ya gane. Ta ga lokacin da ya gane ɗin, kuma ya yi mata ciwo fiye da duk yadda ta zata.

Sai ga gonar rake.

Zauren ya ɗauki sowa tun kafin Dilawar ya buɗe baki. "Zai tafi! Zai tafi!" Ana buga ƙafa, ana tafi. Shaƙiyyan uku suka yi shiru, don wurin na mai kujera ta huɗu ne. Gashin bakin ya fara zamewa. Shagufta ta dubi layin farko na takardarta, wanda ta san zai tayar da zauren, ta dubi farar rigar Idi, ta kife takardar a cinya. Daƙiƙa biyar, goma, ba ta ce uffan ba. Sowar ta fara lafawa, wani daga baya ya yi ihu, "Yaya, barci kike?"

"Ba gam ba ne!"

Muryar daga layi na uku ta fito. Tsoho ya miƙe, inuwar kansa ta hau allo daidai ƙirjin Dilawar.

"Ku daina zagin gam, ba ruwansa! Gam ya ƙare tun safe, darakta ya ce ba zai jira a sayo daga gari ba. Da mazarƙwaila na liƙa shi!"

Zauren ya fashe da dariya. Zulfi ya yi tsalle ya sauko da makirufo a hannu. "A tsayar da fim! A tsayar! Baba, don girman Allah, maimaita!"

Meraj Din ya karɓi makirufon kamar mai karɓar reza. Muryarsa na ɗan rawa da fari, amma da ya ji an yi shiru dominsa, sai ta miƙe. "Tsakiyar bazara ce, rana kamar ta gasa mutum. Na ce wa darakta, ranka ya daɗe, mazarƙwaila narkewa take. Ya ce Meraj, kai da kwalliya aka ɗauko ka ko da wa'azi? To ku mayar da shi baya kaɗan. Kun ga inda yake marin kumatunsa yana cewa ya rantse? Ku kun zaci soyayya ce? Ƙudaje ne!"

Aka mayar, aka sake kallo, ga ƙudajen nan kuwa ƙuru-ƙuru, shekara da shekaru ba wanda ya lura. Ƙaton nan mai rigar ƙwallo ya zame daga kujera yana dukan ƙasa. Wata mata ta ce a taimaka mata da ruwa. Zulfi hawaye yake yi shaɓe-shaɓe, yana cewa shi dai yau ya yi murabus.

Tsoho ya juyo wajen 'yarsa. "Ke kuma, me kike ɓoyewa a cinya? An ba ki kujera kin zauna kamar baƙuwa. Karanta mu ji."

"Abba..."

"Karanta, na ce. In babu daɗi ni zan fara yi miki ihu."

Ta karanta. Ta ce gashin bakin nan ya fi jarumin iya wasa, don shi kaɗai ne ya motsa a duk fim ɗin. Ta ce ya ji rantsuwar ƙarya ce shi ya sa ya kama hanyar gida. Duka goma sha ɗayan ta zazzage, zauren na amsawa, mahaifinta na tsaye yana gyaɗa kai. A na bakwai ya yi dariya har ya nemi kujera.

Majalisa tana da al'ada guda da ba a wasa da ita. In an gama yi wa fim tsiya, sai a mayar da shi farko wurin sunaye, kowa ya miƙe, mai kujera ta huɗu ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, a tafa wa kowa, don neman afuwa. Shagufta ta karanta na jarumi, na darakta, na mai kyamara. Da ta iso layin ƙasa, wanda ba ya wuce ƙiftawar ido a allo, sai ta ce, "Kwalliya: Meraj Din. Mahaifina."

Tafin bai tsaya ba sai da mai kula da sinimar ya kunna fitilu ya kashe sau uku.

A waje, bayan an gama rububin ɗaukar hoto da shi, suka tsaya jiran keke a inuwar mai samosa. Shagufta ta ce, "Abba, ka yafe mini. Da na faɗa maka tun safe."

"Ya yi zafi da fari, ba zan ɓoye miki ba," ya ce. "Finafinai sittin da uku na yi ban da wannan, gashi ko ɗaya bai motsa ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayar wa ya liƙa. Ko uwarki, Allah ya jiƙanta, tana sayen gyaɗa sunana ya wuce."

Ya ciro gwangwanin nan ya buɗe. Ga gashin bakin Dilawar kwance a cikin auduga, baƙi wuluk, gashin gaske wanda aka saƙa sili-sili da hannu. Ya ɓare na robar da ke fuskarta ya jefar, ya ɗora mata wannan, ya danna daga tsakiya, ya bi gefe, ya zauna daram. Ya ja baya ya duba. Sannan ya sa ɗan yatsa ɗaya ya turo gefe guda ƙasa a hankali.

"Duk cikinku ba wanda ya karkata shi daidai," ya ce. "Ta hagu ya fara."