Takalmin da Jama'a Suka Zaɓa

Tun ranar da Yayana ya dawo daga wani taron 'yan kasuwa bakinsa bai huta ba. Wai yanzu mai sana'a ba ya yanke shawara shi kaɗai, jama'a ake tambaya. Shagonmu na ɗinkin takalma ne. Shi ke da shago, ni ke yanka da rini, kuma fatar da za mu yi aikin shekara da ita tana naɗe a ɗakin baya. Ita ke nan gare mu.

Ya sa na ɗinka samfuri uku: baƙi irin wanda muka saba, ruwan ƙasa mai igiya, sai wani rawaya mai ƙyalli da na yi don kawai su cika uku. Ya ɗauki hotonsu ya ɗora a shafinmu, ya ce wanda ya fi samun ƙuri'a shi za mu yi.

Ba zan ɓoye ba, da farko mun ƙaru. Wata malamar asibiti ta rubuta cewa ƙasan takalminmu yana santsi a kan tayil, wani direba ya ce ɗinkin dunduniya yana cizo. Duk muka gyara. Da a nan aka tsaya, da ban ce uffan ba.

Sai Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta ga rawayan ta ce ya yi mata. Ita kuwa in abu ya yi mata, sai ya yi wa kowa. Ta bi ƙawayenta da 'ya'yansu da maƙwabtan 'ya'yansu a waya. Kafin mu ankara rawaya ya yi wa sauran fintinkau.

“Yaya, waɗannan fa ba masu saye ba ne,” na ce masa. “A cikinsu wa ya taɓa taka ƙofar shagon nan?”

“Kai matsalarka ba ka son ci gaba,” ya ce. “Jama'a sun yi magana. Rina fatar.”

Na rina, raina a ɓace. Na yanka, muka ɗinke ta tas, har kanta ta cika.

Mutane kam sun zo. Su tsaya, su yaba, su ɗauki hoto, sannan su ce, “Babu baƙin?” Su wuce. Takaici ya ishe ni har na daina ɗaga kai in an yi sallama.

Ran nan sai ga Gwaggo da kanta. Yaya ya zabura ya kakkaɓe mata benci, ya kawo mata lambarta. Ta juya takalmin, ta shafa ƙyallin.

“Kai, ya yi kyau! Allah ya yi muku albarka,” ta ce, ta ajiye. “To ku ba ni baƙin nan da na saba.”

“Gwaggo, babu baƙi. Wanda kika zaɓa muka yi.”

“Au! Ai zaɓa kuka ce in yi, ba ku ce in saka ba. Ni da girmana in shiga mutane da wannan?”

Muna kallo ta tsallaka titi ta shiga wani shagon takalma.

Yaya ya leƙa ɗakin baya, inda ko ƙyallen fata bai rage ba. Sannan ya juyo, murya ƙasa-ƙasa.

“Ƙanina, rawayan nan zai rinu ya koma baƙi?”

Na ci gaba da wasa wuƙata.

“Sai dai mu tambayi jama'a,” na ce.