Tifar Umara Direba

Tifar ta sake yin ƙarar nan tata, kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa, ta yi tsalle ta mutu. Ina tsaye a bakin filin bayan firamare da kwanon abincin ɗana Ishmael a hannu, ina jin muryarsa daga cikin motar.

"Baba Umara, sau biyu ake taka kuloci. Ka taka, ka fitar da giya, ka saki. Ka ɗan ba ta wuta, ka sake takawa, sannan ka sa. Ba kokawa ake yi da ita ba."

Umara ya ce motar ce ba ta da tarbiyya, na zamaninsu ba haka suke ba.

Wai zamaninsu. Na tofar da yawu gefe.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Umara a Gwange. Duk unguwa Umara Direba ake ce masa, amma ni na san bai taɓa tuƙa abin da ya fi baro ba. Ɗan kamasho ne a tasha, mai ihun neman fasinja. Direban gaske mijina ne, Wilson, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tirela, har ranar da ya bi hanyar Damboa a shekarun tashin hankali bai dawo ba. Lokacin da yake da rai, in ya sauka daga tafiya yakan zauna a ƙofar gida yana ba da labari a hankali, Umara na gefe yana shan shayinmu. Ko shekara ba a yi da rasuwarsa ba na fara jin labaran suna dawo mini daga teburin mai shayi: yadda birki ya tsinke a gangaren Biu aka tsayar da mota da giya kaɗai, yadda aka kwana cikin laka a hanyar Gamboru. Komai yana nan, sai dai an cire Wilson an sa Umara. Waɗanda suka san gaskiya wasu sun mutu, wasu sun tashi, baƙin da suka cika unguwa kuwa suka haɗiye.

Matarsa Ya Turai ce ke riƙe da gidan da ɗinkin hula, har idonta ya fara dushewa. Shi aikinsa baki.

Bayan ambaliyar da ta ci Gwange, kowa ya shiga gini, direbobin tifa suka yi wuya. Alhaji Hashim mai buga bulo, wanda bai daɗe da zuwa unguwar ba, ya sayo tsohuwar tifa don ɗebo yashi. A gaban majalisa ya danƙa wa Umara makulli, ya ce ga tsohon hannu a kusa, me zai kai shi nema nesa. An ce Umara ya karɓa ko gezau, har yana tambaya ko an canja mata baƙin mai.

Washegari Ya Turai ta shigo wurina. Ruwan ya tafi da rufin ɗakinsu, leda suka ɗaura tun lokacin.

"Ni na san wanda na aura, Maman Ishmael," ta ce. "Ba don shi na zo ba. Damina na tafe."

Don ita na sa Ishmael, wanda ke jan tankar ruwa, ya riƙa koya masa in ya tashi aiki. Aka ce wa Alhaji motar na bukatar gwaji kafin ta ɗauki kaya. Shi kuwa Umara, a majalisa cewa ya yi shi ne ke horar da yaron Wilson, don zumunci.

Kowace la'asar sai ƙarar giyar nan ta karaɗe unguwa, awaki suna watsewa. Ta ɗaya da ta biyu ya samu da ƙyar, ta uku ta gagara. Yana fitar da giya sai ya rikice, ya manta da totur, ya danna sandar da hannu biyu har motar ta yi kuka. Ishmael ya gaya mini ba kan mutumin ne kawai matsalar ba. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura kamar tulu, kulocin kuma tauri gare shi, in ya taka sai zufa ta karyo masa. Ya ce ya roƙe shi ya je asibiti, Umara ya amsa masa cewa shi da ya ja mota har Fotokol ta Kamaru da zazzaɓi a jiki ba ƙafa ce za ta kwantar da shi ba. Wannan ma labarin Wilson ne.

Da Alhaji ya gaji da jira, aka yi lodin farko. Ishmael ne ya jawo motar tun daga bakin kogi, sai da suka zo kwanar layinmu suka yi musayar kujera a bayan wani kango. Umara ya shigo da ita a giya ta biyu, inji na kururuwa, ya fito da hannu ta taga yana ɗaga wa mutane kamar mai neman ƙuri'a. Daidai teburin mai shayi na ji ya saki wuta. Na ce a raina yau asiri zai tonu. Motar ta ɗan ja numfashi, sai ta uku ta shiga, sumul. Na zauna da direba, kunnena ya san wannan. Ba zan yi masa ƙarya ba, ta shiga.

Da ya isa wurin bulon Alhaji sai ya taka birki, amma bai sauko ba. Ishmael ne ya sungumo shi kamar buhu.

A asibiti aka ce ƙoda ce, kuma ta daɗe da lalacewa. Bayan 'yan kwanaki aka dawo da shi gida. Na shiga da kunu don Ya Turai, na same shi kwance ƙarƙashin ledar nan, fuska ta kumbura, idanu sun shige ciki. Ya ce in matso.

"Maman Ishmael, kin ji ta ukun nan?"

"Na ji."

"To ki shaida."

Na juye kunun a kwanon Ya Turai. Can ya ce, "Labaran Wilson, na san kin sani. Aro na yi."

"Abin aro mayarwa ake yi, Umara."

Ya yi wata dariya da ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Ai na fi shi iya faɗa."

Na ɗauki kwanona na fita. Abin haushin, ya fi shi ɗin.

Ranar Talata da hantsi ya cika, kafin la'asar an kai shi. A zaman makoki ina cikin gida tare da mata, maganar maza na shigowa ta saman katanga. Wani ya ce an yi rashin gwani. Wani ya kawo labarin gangaren Biu, har da ƙari, wai da fasinjoji cike a bayan motar. Alhaji Hashim ya ce shi da idonsa ya ga yadda hannun marigayi ke sarrafa giya, irinsu sun ƙare, kuma albarkacinsa zai rufa wa iyalinsa ɗaki kafin ruwa ya sauka. Na yunƙura zan faɗi gaskiya. Na duba Ya Turai, ita ma ni take kallo. Na gyara ɗankwalina na ci gaba da tsince shinkafar sadaka.

Bayan addu'ar uku sabon direba ya zo ɗaukar tifar. Ya hau, ya laluba bayansa, ya zaro wani ƙaramin matashin kai mai baƙin datti, wanda Umara ke tokare baya da shi don ƙafarsa ta kai kuloci, ya wurgo ƙasa. Ya Turai ta aiki jikarta ta ɗauko mata. Ta karɓa daga bakin zaure, ta kakkaɓe shi a gwiwarta, ta sa a hammata ta koma ciki.