Mai Gadin Tukunya

Likita bai ɓoye komai ba: ko Baba ya bar soye-soye da gishiri, ko hawan jinin nan ya kwantar da shi. Auta, 'yarsa, ta san inda matsalar take. Ba ta tashi daga aikinta a ɗakin gwajin jini na asibiti sai rana ta faɗi, kafin ta iso gida kuwa Baba ya riga ya cika ciki a rumfar mai soya kaza ta bakin titi, shi da abokansa.

Sai ta sayo tukunyar lantarki, irin mai dahuwa a hankali. Da safe ta zuba dankali, karas, albasa, tumatir da cinyar kaza da ta cire wa fata, ta ƙara ruwa, ta rufe, ta jona.

"Baba, kada ku taɓa ta. Ita kaɗai za ta yi ta aikinta har in dawo."

"Ita kaɗai?" in ji Baba, yana hararar tukunyar kamar an kawo masa ɓarawo gida.

Da yamma ta dawo da zumuɗi. Tukunya a jone, fitilarta na ci, amma dankali kamar dutse, kaza ko ɗumi ba ta gama yi ba. Dole ta zubar. Baba kuwa yana kan kujera yana sakace, leɓensa sai ƙyallin mai yake.

Washegari ma haka. Ranta ya ɓaci, ta rungumi tukunya sai shagon da ta sayo ta.

"Malam, baho mai waya ka sayar mini!"

Mai shago ya zuba ruwa ya jona. Ba a jima ba gindin tukunya ya ɗau zafi.

"Lafiyarta ƙalau, 'yar'uwa. Amma wa yake naɗe mata waya haka? Dubi yadda ta lanƙwashe, zagaye a kan zagaye, sai ka ce tiyon kashe gobara."

Auta ta ƙura wa wayar ido. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai irin wannan naɗi, kuma a aikin kwana-kwana ya yi furfura.

Tana shiga gida ta ajiye tukunyar a gabansa.

"Baba, ku faɗi gaskiya. Ina fita kuke cirewa, in na kusa dawowa ku mayar?"

Baba ya gyara zama, ko kunya babu.

"Auta, rabin gobarar da na kashe a rayuwata daga tukunya ta fara. Girki a kan wuta, gida ba kowa? Ba a gidana ba."

"Ai ba wuta ba ce, an yi ta ne don a bar ta."

"Haka kowa yake cewa kafin mu iso da mota."

Ta buɗe baki za ta yi musu, sai wata dabara ta faɗo mata.

"To shi ke nan. Tunda ba a barinta ita kaɗai, sai a samo mata mai gadi. Matsalar dai ban san wanda ya ƙware ba."

Baba ya miƙe tsaye. "Ba ki san wa ba?"

Da safe ta tarar ya jawo kujerarsa ƙofar kicin, ga bokitin yashi a gefe, ga rediyo a cinya.

Da ta dawo da yamma, tun daga matakala ƙamshi ya tare ta, sai kuma hayaniya. Tela da tsohon direba, abokan Baba, sun ji shi shiru a rumfa, sun biyo sawu, ƙamshi ya hana su komawa. Ga su nan kowa da kwano, tukunya kuwa an suɗe ta tas.

"'Yata, girki ya yi," in ji tela, "sai dai gishiri ya yi rowa."

"Dokar likita ce," Baba ya katse shi. "Wanda bai so ba, ga hanya."

"To ni fa?" in ji Auta. "Mai gadi ya cinye abin da aka ba shi gadi?"

Baba ya ɗaga hular da ke kan tebur. Kwanonta ne a ƙarƙashi, a rufe, da cinya guda a sama.

"Gobe ki ƙara dankali," ya ce. "Ma'aikata sun ƙaru."

Kafin mako ya ƙare, mai soya kaza ya zo da kansa yana tambaya ko tsofaffin nan lafiya. Baba ya leƙo daga kicin, bai ko tashi daga kujera ba.

"Lafiya lau. Muna bakin aiki ne."