Hannun Mai Agogo

Wata biyu ke nan da hannun daman mai gyaran agogo ya fara rawa. Da babban yatsa abin ya soma. Wata safiya yana shago, ya maƙala madubinsa a ido, ya ɗauko wani noti ƙarami kamar ƙwayar yashi, sai ya ga bakin hantsakin yana kaɗawa shi kaɗai. Ya ce gajiya ce. Ya rage shan shayi, ya riƙa kwanciya da wuri, abin bai bari ba. Daga nan ya fara mayar da ƙananan agogunan mata yana cewa babu kayan gyaransu, ya tsaya ga na bango da canjin batir. A gida kuwa hannun ya koma zama cikin aljihu. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Ranar Laraba autarsa, 'yar shekara tara, ta dawo da takarda daga makaranta. Asabar za a yi ranar kimiyya ta iyali. Kowane yaro zai zo da babba ɗaya daga gida, su haɗa wani abu da hannunsu.

"Baba, na riga na ba da sunanka," in ji Auta. "Na gaya wa malama kana gyara abin da ido ma ba ya gani."

Ya dubi matarsa. "Maman Auta, ko ke za ki raka ta? Asabar ce ranar cinikina."

"Ni da ko batirin rimot sai na sa shi a juye? Kuma ina gidan burodi har rana ta take. Ka je kawai, shagon ba ƙafa gare shi ba."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, ya ga Auta ta ƙura masa ido. Ya ce to.

An jera tebura a babban ɗakin taron makarantar, kowanne da lamba da jakar takarda a kai. Kujerun na yara ne, har gwiwarsa tana dukan ƙasan tebur. Auta ta zazzage jakar: batir biyu, wayoyin wuta ja da baƙa, gorar ruwa ta roba, almakashi, salatif, kwali, da wani ɗan inji da bai fi babban yatsa ba. Fanka za su haɗa.

Malamar kimiyya ta zagaya tana bayani. A yanka gorar a fitar da fukafukai huɗu, a kafa su a bakin injin, sannan a zura waya a kunnuwansa biyu a murɗe. Da ta iso teburinsu ta ɗaga murya.

"Yau muna da gwani a cikinmu. Duk wanda wayarsa ta ƙi shiga, ga tebur na bakwai."

Mutane suka juyo suna murmushi. Wani direban babbar mota da ke tebur na kusa da tagwayensa ya ce, "Alhamdu lillahi. Ni waɗannan yatsun nawa taya kawai suka sani."

Mai agogo ya yi dariyar da ba ta wuce haƙoransa ba. Ya ɗauki injin ya duba kunnuwan. Hudar kowanne ta fi kafar allura faɗi kaɗan. A bara, ido rufe zai zura wannan waya.

Ya ja lokaci iya ƙoƙarinsa. Ya bar wa Auta yankan gora, ya ce ta sake daidaita fukafukan, ya ce kwalin gindin ya karkace a sake yanko wani. Duk tsawon lokacin hannunsa na dama yana ƙarƙashin tebur, ya danne shi da cinya. A ƙarshe babu abin da ya rage sai waya.

"Saura naka, Baba."

Ya fito da hannun. Ya kafa gwiwar hannunsa a kan tebur kamar yadda yake yi a shago, ya riƙe numfashi, ya kai bakin jar wayar kusa da hudar. Ta wuce ta gefe. Ya sake, siraran zaruruwan tagullar suka barbaje. Ya murza su da yatsu, ya sake gwadawa. Yanzu ba yatsa kaɗai ke rawa ba, har wuyan hannun. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne. A can ƙarshen ɗakin fankar wasu ta tashi, yara suka yi tafi.

A karo na huɗu wayar ta ture injin daga hannunsa. Ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin teburin direban.

Direban ya sunkuya ya ɗauko, yana miƙo masa. "Maigida, ko an fito ba a karya ba ne?" Sai idonsa ya sauka kan hannun da mai agogo ya miƙo zai karɓa, ya bar zolayar. Ya ajiye injin a kan tebur a hankali, ya juya ga 'ya'yansa, ya shiga yi musu faɗa a kan salatif.

Mai agogo ya dubi ƙofa. Taku ashirin ne, ko ƙasa da haka. Zai iya cewa an kira shi a shago.

"Baba," in ji Auta, muryarta ƙasa ƙasa. "Ka riƙe da na hagun. Shi ai ba ya yi."

Ya dube ta. Ba ta kallonsa, wayar take murzawa.

"Ba ya yin me?"

"Rawar."

Ya matso kusa da ita. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da shayi ya zube maka, ka ce kofin ne ya yi zafi. Ni na wanke shi, ba zafi." Ta ci gaba da murza wayar. "Na ce idan ka iya haɗa wannan a gaban mutane, to ba komai ba ne. Shi ya sa na ba da sunanka."

"Mamanki fa?"

"Ban gaya mata ba. Na ɗauka sirri ne." Sai ta ɗago, idanunta sun ciko. "Baba, irin ciwon da ake mutuwa ne?"

Ya so ya ce a'a nan take. Amma makonni ke nan shi ma yana yi wa kansa wannan tambayar a shago, kuma yarinyar da ta gane zancen kofi za ta gane wannan ma.

"Ban sani ba tukuna, Auta. Ban je an duba ba. Mutane da yawa hannunsu na rawa kuma suna nan har tsufa."

"To me ya sa ba ka je ba?"

"Tsoro nake ji."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta share hanci da bayan hannu, ta turo masa injin. Ya riƙe da hagu, ya kafa shi a kan tebur.

"Murza bakin wayar ya yi tsini. Kar ki nufi hudar daga sama, ki kwantar da wayar a jikin kunnen, ki zame ta har ta faɗa da kanta. Yauwa. Yanzu lanƙwasa. Murɗa sau uku, kar ki ƙara."

Baƙar wayar ta fi ba ta wahala, sai a gwaji na uku ta shiga. Suka manna batir da salatif. Fankar ta yi ƙugi ta tashi, amma ko gashin girar Auta bai motsa ba. Iskar baya take tafiya, har takardar lambar teburinsu ta tashi sama.

"Ta lalace?"

"Ba ta lalace ba, juyawa take a baibai. Musanya wayoyin a kan batir, ja ta koma inda baƙa take."

Ta musanya. Iskar ta bugi fuskarta, ta lumshe ido, ta yi ɗan murmushi. Malamar ta zo wucewa ta ce gwani gwani ne. Ya ce ai yarinyar ce ta yi. Malamar ta ɗauka kawaici ne, ta wuce tebur na gaba.

A hanyar gida Auta ta rungume fankar a ƙirji har suka kai kwanar layinsu. A nan ta ce, "Kai za ka gaya wa Mama ko ni?"

"Ni."

Sun tarar da matar ta dawo, tana wanke hannu a kicin, garin fulawa har gwiwar hannunta. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya shirya magana tun daga makaranta, amma duk ta gudu. Sai kawai ya miƙa hannun a gabanta, ya buɗe yatsun, ya bar shi yana abin da yake yi.

Ta rufe famfo. Ta daɗe tana kallo.

"Wata nawa?"

"Biyu."

"Wata biyu, Baban Auta, muna ɗaki ɗaya." Ta goge hannunta da tsumma, ta kama nasa, ta juya shi ciki da baya kamar mai neman inda ya yanke. "Litinin ba za ka buɗe shago ba."

Litinin ɗin suka tafi asibiti tare. Likitar ta sa ya miƙe hannuwa, ya taɓa hancinsa, ya zana da'ira a takarda, ya yi tafiya zuwa bango ya dawo. Ta tambayi ko akwai mai irin wannan a danginsu, ya tuna da wani kawunsa da ba ya iya riƙe cokali. Ta rubuta, ta ce abubuwa da dama kan kawo haka, wasunsu masu sauƙi ne, ba za ta ce komai ba sai an ɗebi jini an yi hoto. Ta ba su mako biyu su dawo.

A bakin ƙofar asibitin matarsa ta karɓi takardun ta saka a jakarta. Suka tsaya jiran mota, yana lissafin abin da zai gaya wa Auta idan ta dawo daga makaranta.