Mai Rakiya

Sau uku ma'aikaciyar jinya ta kira lambar kafin ta gane da ita ake. Ta miƙe a gaggauce, jakarta ta zame daga cinyarta, littattafan 'yan ajinta da ta taho da su don ta duba suka watse a ƙasa.

"Ke ce mai rakiyar lamba goma sha biyu?"

"Ni ce uwarta."

"To shigo, likita na jira."

Matar da ke gefenta a benci ta sunkuya tana tattara littattafan. "Je ki abinki, 'yar'uwa, zan riƙe miki. Nan in aka kira ki kika tsaya nawa, sai wani makon. Ni wata uku ina zuwa, bencin nan ya fi gadona sanin bayana."

Wannan ne zuwanta na farko tun ranar da aka buɗe wa Bebi kati a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na matasa. Shekarar Bebi goma sha huɗu. Tun farkon zangon karatu ta rage cin abinci, ta daina hira, tana shiga banɗaki ta yi wanka sau huɗu a rana har fatar hannunta ta fara tsagewa. An ba su Talata da safe, ita kuwa uwar malamar ƙananan yara ce, shugabar makarantarsu ba ta san wani abu wai shi uzuri ba. Mahaifin Bebi yana aiki a wani gari, sai ƙarshen wata yake zuwa. Yayanta ne, kawun Bebi, ya raba gardamar. Ya ce mota tana nan, shi kuma ba abin da yake yi da safe. Mako bakwai yana kai Bebi yana dawo da ita. Yau motar tana wurin makanike, shi ya sa ta roƙi rabin yini da kyar.

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru uku, fanka tana juyawa a kasale. Bebi na zaune ta ja mayafinta har goshi. Likitar ba za ta girme ta da yawa ba. Ta tashi da kanta ta rufe ƙofa, ta murza makulli.

"Zauna, Malama." Ta juya ga yarinyar. "Za ki faɗa da bakinki, ko ni in faɗa?"

"Ki faɗa," in ji Bebi, muryarta can ƙasa.

Likitar ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce Bebi ta gaya mata cewa tun tana shekara bakwai har ta kai goma, kawunta yana keɓewa da ita yana yi mata abin da bai kamata babba ya yi wa yaro ba. A gidan kakarta ne, bayan an taso daga makaranta.

"Wane kawun?"

Kawu ɗaya Bebi take da shi.

Shekarun nan uku ta san su sarai. Lokacin take kwalejin horar da malamai, kullum ta ajiye Bebi a gidan Inna, mahaifiyarta, ta wuce, tana gode wa Allah da ya ba ta dangi.  Talatar da ta wuce ta faɗo mata. Da hannunta ta zuba masa abinci a kwanon baƙi, ta wanke kwanon bayan ya gama. Ƙamshin turarensa ya wuni a kujerar falo. Da Bebi ta shige ɗaki ba ta ce masa komai ba, ta bi ta ta jawo ta waje, ta ce ta durƙusa ta ce Kawu an gode, Allah ya ƙara arziki. Kuma Bebi ta durƙusa ta faɗa.

"Akwai laifina a ciki, kuma gara ki ji daga bakina," in ji likitar. Ta cire tabaranta ta ajiye. "Tsarinmu a nan, minti goma na ƙarshe muna shigo da mai rakiya mu gaya masa inda aka kwana. Kawun nata ne ya sa hannu a kati, masu gadi ma Baban Bebi suke ce masa. Ban taɓa tambayarta ko tana son ya shigo ba. Kowane mako yana zama a kujerar nan da kike kai, ina karanta masa abin da ta ce, yana gyaɗa kai yana cewa Allah ya ba ta lafiya. Ni kuma ina rubuta cewa yarinya ba ta ba da haɗin kai."

Ta ji kujerar tana ƙona ta. Ta miƙe tsaye.

"Yau da ta shigo, abin da ta fara tambayata shi ne wa zai shigo a ƙarshe. Na ce mamanki. Sai ta fara magana."

"Umma." Bebi ba ta ɗago ba. "Wallahi ba ƙarya nake yi ba."

Ta zagaya ta durƙusa a gabanta, ta kama hannayen nan da sabulu ya cinye. Sanyi ƙalau.

"Na sani. Kalle ni, Bebi. Na yarda da ke. Ba ki yi laifin komai ba, kin ji ko?"

Yarinyar ta gyaɗa kai, sannan kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ya fita da sauti.

Da ta lafa, likitar ta jawo wata takarda mai shafi biyu. Ta ce ita dole ne ta kai rahoto ofishin kare yara, doka ce ta ɗora mata. Amma in da hannun uwa a ciki, da wuya a ce yarinya ce mai taɓin hankali ta ƙirƙiro, kuma za a yi saurin hana shi kusantarta.

Ta kalli biron da aka miƙo mata, ba ta karɓa ba. Inna ce ta faɗo mata a rai, da hawan jininta, da yadda take ji da ɗanta namiji tilo. In labarin nan ya iske ta daga bakin baƙi, zai iya kayar da ita.

"Ba ni minti biyar in kira mahaifiyata. Kada ta ji a waje."

A ƙarshen barandar akwai famfo da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Nan ta tsaya. Bugu biyu Inna ta ɗauka.

"Kun fito? Yayanki ya ce an gyara motar, yana hanya ya ɗauko ku. Kin ga ɗan albarka, ko hutawa bai yi ba."

"Inna, ki zauna. Akwai magana."

Ta faɗa a gajarce, tana zaɓar kalmomi, tana jiran salati ko ƙarar faɗuwar waya.  Tana jin rediyon Inna yana magana a can ciki.

"Wai har yanzu tana wannan zancen?" in ji Inna. "Na ɗauka ta manta."

"Me kika ce?"

"Ai ta gaya mini tun tana 'yar shekara tara. Na kira shi na yi masa tas, ya rantse mini ba zai sake ba. Ita kuma na ce ta bar maganar, kina tsakiyar jarrabawa, me za a tayar miki da hankali."

"Har ta kai goma yana yi, Inna."

"To ni ina na sani? Ya rantse."

"Kuma kina kallo yana ɗaukarta a mota, su biyu, mako bakwai."

"Da in ce me? In ce kada ya taimaki ƙanwarsa? Ke ma da kin tambayi dalili." Muryar Inna ta sauka, ta koma irin wadda take lallashinta da ita tana ƙarama. "Saurara, 'yar nan. Kada ki biye wa mutanen asibiti, su ba ruwansu, gobe sun manta da ku. Ciki ɗaya kuka fito da shi. Yana da iyali, yana da mutunci a unguwa. Ita kanta yarinyar, in aka ji, wa zai kalle ta gobe? Ku taho gida mu rufa wa juna asiri. Zan sa ya ba ta haƙuri."

"Haƙuri."

"E mana. A gabanki ma in kina so."

Ta kashe wayar. Ba ta kai ga juyawa ba amai ya zo mata, ta dafa bango ta yi shi a magudanar famfon. Ta buɗe ruwa ta kuskure baki sau uku, ta wanke fuska, ta wanke wurin tsaf don kada mai shara ta sha wahala. Ɗacin bai tafi ba.

Da ta ɗago, ta tagar ta hango motar tana shigowa. Yayanta ya fito cikin fararen kaya da suka sha guga, ya miƙa wa mai gadi hannu, suka tafa suna dariya. Ya tsaya ya gyara hularsa a gilashin mota.

Ta nufi teburin ma'aikaciyar jinya, ba ta yi gudu ba.

"Sista, kin ga mutumin can mai fararen kaya?"

"Baban Bebi? Ai mutumin kirki, kullum sai ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya."

"Ba babanta ba ne. Kada ya wuce ƙofar nan. Ki tambayi likita dalili."

Murmushin ma'aikaciyar ya ɗauke. Ta dube ta, ta dubi ƙofar ɗakin likita, sannan ta ɗauki wayar tebur ta kira masu gadi.

A ciki Bebi ta share fuska, tana riƙe da kofin ruwa da hannu biyu. Ta ɗago tana neman amsa a fuskar uwarta.

"Kin gaya wa Inna?"

"Na gaya mata."

"Ta ce in yi shiru ko?"

"Ta ce. Ni kuma na ce kin gama yin shiru."

Wayar ta fara ruri a hannunta. Ta kife ta a kan tebur ta bar ta tana yi. Ta janye kujerar da yake zama a kai zuwa bango, ta tsaya a tsaye ta karanta takardar layi-layi, kamar yadda take duba aikin 'yan ajinta. Ta rubuta cikakken sunan yayanta, da unguwarsa, da lambar motarsa.  Ta sa hannu a ƙasa.

Likitar ta miƙo hannu za ta karɓa, amma ba ta saki takardar ba.

"Likita, akwai wurin da ake rubuta wanda ya sani ya yi shiru?"

Likitar ta dube ta. Sannan ta juya shafin, ta ɗora yatsa a kan wani layi da babu komai a kansa.

Ta gyara riƙon biron.